Kura da Shan Bugu: Wa Ya Mallaki Firintar da Ke Ɗakinmu?

A cikin duk na'urorin da suka shigo gidajenmu, babu wadda ta kai firintar tawada iya wulaƙanta mai ita. Firji yana shekara goma yana sanyaya ruwa ba tare da an lallashe shi ba. Keken ɗinkin da kaka ta bari har gobe yana ɗinki. Ita kuwa firinta, ranar da ɗalibi zai buga takardar shiga jarrabawar JAMB, ko ranar da marubuciya za ta fitar da babi uku don ta bi su da jan biro, ranar ce za ta ce ba ta ga kwamfuta ba, alhali tsakaninsu bai fi taku biyu ba. In an yi sa'a ta gan ta, sai takarda ta fito fararen layuka sun ratsa rubutun kamar tsagar gado. Daga nan mai gida ya hau zargin kansa: wataƙila ni ne ban iya ba, wataƙila yara ne suka taɓa wani maɓalli. Ƙarshenta ya saka fayil a waya, ya hau ɗan sahu zuwa shagon buga takardu, ya bar tasa a gida an lulluɓe ta da tsohon zani.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun gaji da wannan zargin kai da ake cusa wa jama'a. Shawarar da ake bayarwa ko'ina iri ɗaya ce: kashe ka kunna, cire ka mayar, goge manhaja ka sake saukewa, in duk ya ƙi ka sayi sabon katirij, wato ɗan akwatin tawadar. Wannan shawara ta riga ta yanke hukunci cewa na'urar lafiya lau take, mai ita ne bai waye ba. Abin da muka sani game da cikin na'urar ya saɓa wa haka. Matsalolin firinta kashi uku ne. Akwai wanda ɗabi'ar tawada da iska ke jawowa, wannan babu laifin kowa a ciki. Akwai wanda sakacin masu ƙera ta ya haifar. Akwai kuma wanda aka zauna a ofis aka tsara da gangan, aka biya injiniya albashi ya rubuta shi. Kamfanonin sun fi son kashi ukun su cakuɗe a idon mai saye, domin muddin bai iya rarrabe su ba, zai ci gaba da biyan kuɗin na uku yana zaton na farko ne.

Bari mu fara da haɗin Wi-Fi, tunda shi ya fi sa mutane hawan jini. Akwatin da ke raba intanet a gida, wato rawuta, yawanci yana magana ne a kan zango biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Wayoyin zamani suna jin duka biyun. Da yawa daga cikin ƙananan firintocin gida kuwa na 2.4 kaɗai suke ji, saboda kayan haɗa shi sun fi araha. Idan rawuta ta haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ko kuma wayar da ake raba intanet da ita tana kan zango na 5, firinta za ta iya yini tana lalube ba ta samu ba. Maganin bai wuce a buɗe zango na 2.4 a ba shi sunansa daban ba. Sai dai a gaya mana, a cikin masu sayen firinta mutum nawa aka taɓa yi wa wannan bayani kafin su biya kuɗi?

Na biyu shi ne adireshi. Duk na'urar da ta shiga Wi-Fi, rawuta tana ba ta lamba, kamar yadda mai masauki yake ba baƙo lambar ɗaki, kuma aro ne ba kyauta ba. Da an ɗauke wuta an dawo da ita, kowa ya sake shiga layi, firintar da jiya take ɗaki na biyar yau tana iya samun kanta a na tara. Kwamfuta kuwa tana can tana buga ƙofar ɗaki na biyar, in ba a amsa ba ta ce firinta ba ta kan layi. Wanda ya tsara wannan a ƙasar da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba, da wuya ya haɗu da matsalar. Mu da NEPA ke gaisawa da mu sau huɗu a yini, kullum sai mun haɗu da ita. Gyaran shi ne a shiga saitin rawuta a keɓe wa firinta lamba ɗaya ta dindindin. Akwai kuma ƙananan tarkuna: waya tana kan datar layi ba kan Wi-Fi ba, ko tana kan sashen baƙi na rawuta wanda aka yi shi musamman don ya hana na'urori ganin juna, ko kuma MiFi ɗin gidan ya tafi kasuwa a aljihun maigida.

Ga inda laifin yake. Manhajar da ke cikin firinta da wadda ke kwamfuta suna iya gane a wane mataki haɗin ya tsinke. Rashin ganin Wi-Fi daban, kuskuren kalmar sirri daban, rashin samun lamba daban, sauyawar lamba daban. Duk ɗalibin kwamfuta da ya kai aji uku zai iya rubuta saƙo huɗu don waɗannan hali huɗu. Amma abin da ke isa ga mai gida sau da yawa jumla ɗaya ce da ba ta faɗi komai ba, ko ɗan fitila mai ƙyaftawa da sai an nemo littafi kafin a san ma'anarta. Likitan da ya auna ka, ya gane ciwonka, sannan ya ce maka kawai ba ka da lafiya, ba za ka sake komawa wurinsa ba. Maganar a rubuta saƙon da Hausa ma ba ta taso ba, ko da yake masu jin harshen sun fi jama'ar ƙasashen Turai da dama waɗanda ake fassara wa kowane maɓalli.

Kada kuma wani ya ce fasahar ce ba ta kai ba. Ƙa'idar IPP, wadda ke ba kowace kwamfuta damar magana da kowace firinta, ta fito tun ƙarshen shekarun 1990. Manhajar CUPS da Linux da kwamfutocin Apple ke buga takarda da ita ta fito a 1999. Apple ya kawo AirPrint a 2010, masu ƙera firinta kuma suka kafa Mopria a 2013 don wayoyin Android. Wato an daɗe da samun hanyar da waya za ta ga firinta ta aika mata takarda ba tare da an sauke komai ba. Duk da haka takardar da ke cikin kwali tana tura ka ka sauke manhajar kamfani, ka buɗe asusu, ka ba da imel, ka amince da sharuɗɗan da ba wanda ke karantawa. Takardar da za ta yi tafiyar taku biyu, me ya haɗa ta da asusu a wata ƙasa? Amsar tana cikin tsarin HP+, inda kamfanin HP ke ƙara wa mai saye garanti da tawadar wasu watanni, da sharaɗin firinta ta zauna a kan intanet kuma kada ta sha tawadar kowa sai tasa. Tana kuma cikin tsarin Instant Ink na biyan kuɗin wata-wata, inda firinta ke kai rahoton shafukan da ka buga, kuma in ka daina biya katirij ɗin ya daina aiki ko da tawada na ciki. Haɗin da kamfani ya fi damuwa da shi ke nan, wanda ke tsakanin firintarka da ofishinsa.

Mu koma kan tawada, mu kuma yi adalci. Kan feshin firinta abin mamaki ne na gaske. Yana da ɗaruruwan ƙofofi, kowace ta fi gashin kai siranta. A firintocin HP da Canon, ɗan ƙaramin murhu ne a bayan kowace ƙofa yake dafa tawada zuwa kusan digiri 300 cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kumfa ta taso ta tunkuɗo ɗigo. A na Epson kuwa wani sinadari ne da ke lanƙwashewa in wuta ta taɓa shi yake matso ɗigon. Ana auna ɗigon da fikolita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na lita. Ƙofa mai wannan ƙanƙanta, tawada mai ruwa-ruwa, in aka bar su mako uku ba aiki dole su bushe, balle a lokacin hunturu da leɓen mutum ma ke tsagewa kuma ƙura ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Wannan shi ne kashi na farko, kuma ba mu ɗora wa kowa laifinsa.

Abin da ya kamata mai gida ya sani kaɗan ne. Fararen layuka a cikin rubutu alamar wasu ƙofofi sun toshe ce, don haka a fara buga shafin gwajin ƙofofi a ga wace kala ce ta yanke. Rubutu mai inuwa ko layin tsaye da ya karkace yana nufin kan feshi na buƙatar daidaitawa. Tawada mai shafewa a hannu yawanci saitin takarda ne bai dace ba, ko takardar ta sha danshin damina. Takarda ta ƙi shiga, ƙura ce a kan robobin da ke jan ta, tsumma mai ɗan laima ya isa. A riƙa kashe firinta da maɓallinta, domin ta haka ne kan feshi ke komawa mazauninsa a rufe masa baki. In aka zare ta daga soket, ko wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, yana iya tsayawa a buɗe ya bushe. A riƙa buga shafi ɗaya mai duk kaloli sau ɗaya a mako. Ga marubuta kuma, in ƙ da ɗ da ɓ suka fito a matsayin ƙananan murabba'ai, babu ruwan tawada: salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da su, sai a sauya shi a mayar da fayil ɗin PDF kafin a buga. Duk wannan bai cika shafi guda ba, kuma da an so da an manna shi a murfin kowace firinta.

To amma dubi abin da aka gina a kan wannan rauni na ɗabi'a. Maganin toshewa da na'urar ke bayarwa shi ne wankin kai, kuma da tawadarka ake wankin: famfo ne ke zuƙo ta ta cikin ƙofofin ya zubar. Wanda bai sani ba sai ya danna wanki sau shida a jere, ya zubar da rabin abin da ya saya, alhali sau ɗaya ko biyu ya kamata, sannan a bar ta ta huta wasu sa'o'i busasshiyar tawadar ta jiƙa. Na'urar ba ta faɗa maka nawa wankin zai ci ba. Tawadar da aka zubar kuma tana taruwa ne a wani soso da ke ƙasan firinta. A samfura da yawa babu abin da ke auna jiƙewar soson, lissafi kawai manhaja ke yi, in lissafin ya cika ta kulle na'urar gaba ɗaya. Masu Canon sun san lambar 5B00, masu Epson sun san saƙon da ke cewa wani sashe ya kai ƙarshen rayuwarsa. Gaskiya ne soso in ya cika zai yi yoyo. Amma soso ne fa. Epson da kansa yana sayar da wasu samfura masu akwatin sharar tawada da mai gida zai zare ya sauya da hannunsa, wanda ya nuna tun farko ana iya yin hakan ga kowa.

Yanzu mun iso kashi na uku. Kowa ya san dabarar: a sayar da firinta da araha, a ci riba a tawada, kamar mai ba ka fitila kyauta da sharaɗin a wurinsa kaɗai za ka sayi kananzir. Ƙaramin katirij da yawa tawadar cikinsa ba ta cika cokalin shayi ba, wanda ke zuwa a cikin kwali kuma sau da yawa bai kai na kasuwa cika ba. Katirij mai kala uku a haɗe, in ruwan ɗorawa ya ƙare sai a jefar da shuɗi da ja da suka rage. Don kada wani ya sayar da kananzir mai rahusa, sai aka manna wa kowane katirij ɗan guntun cip da firinta ke tambaya kafin ta yarda da shi. Har shiyya aka raba wa duniya: katirij ɗin HP da ake kira 63 a Amurka shi ne 302 a Turai, shi ne 123 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Sura ɗaya, mazauni ɗaya, amma wanda ɗan uwansa ya aiko masa firinta daga Ingila zai zagaye shagunan Kano ya tarar wanda ake sayarwa ya shiga daram kuma na'urar ta ƙi shi.

Ba zato muke yi ba, abin yana rubuce. A watan Satumba na 2016, firintocin HP samfurin OfficeJet a ƙasashe da dama suka wayi gari suna ƙin katirij ɗin da ba na kamfanin ba, wanda jiya-jiya suke aiki da shi, suna nuna saƙon cewa ya lalace. Bai lalace ba. Umarni ne da aka shigar cikin manhajar na'urar tun kafin ranar, ya kwanta yana jiran lokacinsa. Da ihu ya yi yawa kamfanin ya ba da haƙuri a kan rashin yi wa jama'a bayani, ya fitar da hanyar cire kullen, amma tsarin da yake kira Dynamic Security bai mutu ba, ya dawo kuma yana nan. A watan Disamba na 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci HP tarar Yuro miliyan 10 saboda bai sanar da masu saye wannan takunkumi yadda ya kamata ba. A watan Janairu na 2024 shugaban kamfanin, Enrique Lores, ya gaya wa tashar CNBC cewa burinsu shi ne buga takarda ya koma tsarin biyan kuɗi a kai a kai, kuma mai sayen da ba ya buga da yawa ko ba ya sayen tawadarsu, jari ne da bai yi riba ba. Mun gode masa da bai ɓoye ba. Kai kana ganin ka sayi kaya, shi yana ganin ya zuba jari a kanka.

Masu kare kamfanonin suna da hujja uku, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko, ai firintar da araha aka ba ka, dole a mayar da kuɗi ta wani wuri. Mun yarda, banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma ciniki sai da sanin juna. In haya ce a rubuta haya a jikin kwali da manyan baƙi, a faɗi nawa kowane shafi zai ci. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin saye, sannan bayan wata shida a aiko da sabuntawa ta intanet ta sauya sharuɗɗan cinikin da aka riga aka tafa. Dillalin da ya sayar maka da babur, ya dawo da dare ya sauya makullin tanki, sunansa ba dillali ba ne.

Ta biyu, tawadar jabu tana lalata kan feshi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma kasuwanninmu cike suke da jabun da aka yi wa kwali irin na asali. Amma gargaɗi daban, kulle daban. Na'urar tana iya cewa wannan tawada ba tamu ba ce, in ta yi ɓarna babu ruwan garanti, ka yarda ko ba ka yarda ba? Mai kaya ya zaɓa. Shaidar cewa hakan mai yiwuwa ne ta fito daga Canon da kansa. A farkon 2022, lokacin da cip ya yi ƙaranci a duniya, kamfanin ya sayar da katirij na wasu manyan injinan ofis ba tare da cip ba, ya kuma wallafa bayanin yadda za a tsallake gargaɗin a ci gaba da aiki. Ashe injin yana bugawa lafiya lau ba cip. Haka nan akwai dalilin hana buga takarda in tawada ta ƙare, tunda ita ke sanyaya murhun kan feshi, amma babu dalilin da zai hana sikana ɗaukar hoton takarda don babu tawada, kuma a kan wannan an kai Canon da HP ƙara a kotunan Amurka.

Ta uku ita ce tsaro, wai ana iya ɓoye ƙwayar cutar kwamfuta a cikin cip ɗin katirij. A matsayinmu na masu wannan sana'a, amsarmu gajera ce. Wa ya saka cip ɗin tun farko? Wa ya rubuta manhajar da ke karɓar saƙo daga gare shi ba tare da tantancewa ba? In ka huda katangar gidanka da hannunka, gyaran shi ne ka toshe hudar, ba ka hana maƙwabta sayar da kaya a unguwa ba.

Wannan rigima ta girmi yawancinmu. Wajen 1980, a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na jami'ar MIT da ke Amurka, akwai wata firintar Xerox da takarda ke yawan maƙale mata. Wani mai rubuta manhaja, Richard Stallman, ya so ya yi mata abin da suka yi wa tsohuwar firintarsu, wato ta riƙa sanar da masu jira in ta maƙale. Ya nemi asalin rubutun manhajar aka hana shi, saboda wanda ke da shi ya sa hannu a yarjejeniyar rufe baki. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ya sanar da shirin GNU a 1983, wanda daga gare shi ne tafiyar manhaja mai 'yanci ta samo tushe, kuma a kan kayan wannan tafiya ne akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet suke aiki a yau. Fiye da shekara arba'in ke nan, duniyar kwamfuta ta sauya kamanni, amma manhajar cikin firintar gida tana nan a rufe ruf. Ga abokan sana'armu kuma muna da magana. Kowane kulle da muka lissafa a sama mutum ne ya zauna ya rubuta shi, ya gwada, ya tabbatar yana aiki. Wanda ya rubuta saƙon da ke cewa katirij ya lalace alhali ya san lafiyarsa ƙalau, ƙarya ya rubuta, ko da kuwa da yaren kwamfuta ne, kuma cewa manaja ne ya sa shi ba ta wanke shi.

A wasu ƙasashe doka ta fara motsi. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Impression Products da Lexmark, ta yanke cewa da zarar kamfani ya sayar da katirij, ba zai yi amfani da haƙƙin ƙirƙira ya hana a sake cika shi a sayar ba. Faransa ta mayar da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi tun 2015, kuma a ƙarshen 2017 masu gabatar da ƙara a can suka buɗe bincike a kan Epson bayan koken wata ƙungiyar masu saye. Kasuwa ma ta nuna akwai wata hanya. A 2010 Epson ya fara sayar da firinta mai tankin tawada a Indonesiya, inda masu gyara suka daɗe suna ɗaura wa firintoci tankunan waje da siririn tiyo. Yau manyan kamfanonin duk suna da irinta: na'urar ta fi tsada, tawadar kwalba kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Wato masu gyara na bakin titi ne suka nuna hanya, kamfani ya bi sawunsu.

Irin waɗannan masu gyara muna da su, a titin Beirut a Kano da kowane gari mai shagon buga takardu. Yaron da ke cika katirij da sirinji, ya jiƙa kan feshi ya farfaɗo da shi, ya wanke soso ya mayar da lissafi sifili, ana yi masa kallon mai aikin bayan fage. A ganinmu shi ne yake tsare wa talaka dukiyarsa, kuma shi ne yake hana tarin roba da ƙarfe zuwa bola. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shi da mai gida ke shan wahalar na'urar, riba kuma tana can inda aka ƙera kullen. Nijeriya tana da dokar gasa da kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, kuma dokar ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Muna kira ga hukumar ta tilasta wa masu shigo da firinta su rubuta abu huɗu a jikin kwali: wane zangon Wi-Fi take ji, katirij na wace shiyya take karɓa, ko tana ƙin tawadar wasu, da kuma ko tana aiki ba tare da asusu da intanet ba. Wannan bai buƙaci sabuwar fasaha ba, takarda ce da gam.

Kafin hukuma ta farka, kariyar tana hannunmu. Wanda ke buga rubutu zalla, kamar marubuta da ɗalibai, ya duba ƙaramar firintar leza mai baƙi kaɗai, domin garin hoda take amfani da shi kuma hunturu ba ya busar da shi, sai dai tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramar inbata ba lallai ta ɗauke ta ba. Wanda ke buƙatar kala kuma yana bugawa a kai a kai, mai tanki ta fi masa. Wanda sau uku a shekara yake buga takarda, shagon unguwa ya fi masa kowace firinta arha. Wanda ya riga ya saya ya nemi wayar USB, wadda ba ta san zango ba kuma ba ta sauya adireshi, ya kuma duba saitin sabuntawa ta kai tsaye ya yanke wa kansa shawara ko zai bar ta a kunne, da sanin cewa sabuntawa tana toshe ɓarakar tsaro kuma ta wannan ƙofar ce kulle ke shigowa. In kuma mun je saye, kafin mu tambayi kuɗin na'urar mu tambayi kuɗin katirij, shafi nawa yake bugawa, da abin da za ta yi ranar da muka zuba mata tawadar da ba ta kamfani ba. Mai shagon da ya kasa amsa waɗannan, mu yi masa sallama mu shiga shago na gaba.